Ina Ɗanka Yake Tsakanin Magariba Da Ƙarfe 11 Na Dare?

Duk ranar da aka sari wani a cikin garin Gombe, ko aka tare mace a lungu aka ƙwace mata waya, maganar da za ta cika majalisu da Facebook guda ce: yaran yanzu ba su da tarbiyya, sai an koma ga al'ada. Na yarda. Amma in ka ce wa mai maganar wace al'adar, wa zai yi, a wane lokaci, yawanci ba ya wuce durƙuso da gaisuwa. Alhali yaron da ke zubewa har ƙasa ya gai da babansa da safe, shi ne dai da dare ke ɗauke da adda a ƙugu. Ni a ganina abin da iyayenmu suka riƙe yara da shi abu biyu ne. Babu sa'ar da yaro ke yi ba idon babba a kansa, kuma babu kuɗin da ke shiga aljihunsa ba a san daga ina ya fito ba. Sauran duk a kan waɗannan aka ɗora su, kuma su ne suka suɓuce mana.

A duba yadda ranar yaro ɗan shekara 12 take tafiya a da a unguwar Jekadafari ko Herwagana. Asuba masallaci, daga nan allo, sai boko. In an taso, rumfar ubansa a kasuwa, ko gona, ko gaban tela ko maƙeri. Magariba ta yi, tuwo a ƙofar gida, kwano ɗaya da yayyensa, manya na gefe a tabarma, wanda bai zo ba nan take za a gane. Bayan isha'i karatun dare. Gidan kansa an gina shi ne yadda duk mai shiga da mai fita sai ya ratsa zaure, gaban maigida. A ciki kuma ga baffa, ga goggo, ga kaka, kowa da ikon cewa “daga ina?”

Yanzu mafi yawan magidanta a gidan haya suke, ciki da falo. Yaro ya kai shekara 13 ko 14, ɗaki ya yi kaɗan, addini ma ya ce a raba wa yara wurin kwana tun suna da goma. Sai a ba shi shagon ƙofar gida, wanda ƙofarsa ke kallon titi, a damƙa masa mukulli. Daga wannan daren babu wanda ya san lokacin da yake dawowa, ko su wa ke kwana tare da shi, ko me ke ƙarƙashin katifar. Uba na ganin ya warware matsalar wurin kwana, bai san ya buɗe wata wadda ta fi ta ba. Wanda ke da irin wannan shagon, in da hali, ya toshe ƙofar waje ya fasa wata ta cikin gida. Bulo kaɗan ne da siminti da aikin yini ɗaya. In gidan haya ne ba a yarda a taɓa gini ba, to uba ya riƙe mukulli na biyu, ya riƙa leƙawa ba tare da ya sanar ba, wani lokaci bayan isha'i, wani lokaci kafin kiran assalatu.

Muna yawan cewa ɗa na kowa ne, amma mu da kanmu muka soke maganar. Maƙwabci ya ga ɗanka na zuƙar sigari a bayan kango ya daka masa tsawa, kafin yamma uwar ta yafa mayafi ta je ta wanke shi tas, ko uban ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Sau ɗaya aka yi haka a layi, ya ishi kowa darasi. Daga ranar duk wanda ya ga abu sai ya kau da kai ya ce ba ruwansa, shi kuma yaron ya gane cewa tsawar kowa ba ta da haƙori. Haka ake yi wa malaman makaranta. Sai dai a nan dole a faɗi ɗaya gefen: akwai manyan da ba su san bambancin tsawatarwa da huce haushi ba. Dukan yaro da wayar wuta ko ɗaure shi ba ya hana shi shaye-shaye, ƙwarewa kawai yake koya masa wajen ɓoyewa. Kowa ya ga abin da aka tarar a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu can da hannunsu da sunan gyara.

Maganar kuɗi ita ce mai ɗaci, domin manya ne a cikinta dumu-dumu. Gombe ta zama jiha a 1996, kuma tun daga zaɓen 2003 sunan Kalare, wato samarin da ke bangar siyasa da makamai, ya zama abin da kowa ya sani, kamar yadda Bauchi ke fama da 'yan sara-suka. Ƙungiyar Human Rights Watch ma ta yi bayanin Kalare a rahotonta na 2007 kan tashin hankalin siyasa a Najeriya. Yadda abin ke tafiya ba ɓoyayye ba ne. Za a yi gangami, a kira jagoran samarin unguwa a ba shi kuɗi da motoci. Wani kaso ya tafi a ƙwaya, domin mai cikakken hankali ba zai rataya a jikin mota yana kaɗa gora tun safe har dare ba. Zaɓe ya wuce, kuɗi ya tsaya, amma adda da barandami da jarabar ƙwaya suna nan. Sai a koma ƙwacen waya da faɗan unguwa da unguwa. In an kama ɗaya, a buga waya, kafin kwana biyu ya dawo majalisa ana yi masa kirari. Ƙanensa ɗan shekara 13 na tsaye yana kallo. Ya ga yayansa da bai gama sakandare ba ya fi malamin firamaren layinsu kuɗin kashewa, kuma manya sun san sunansa. Wace nasiha za ka yi masa da za ta fi wannan ƙarfi? Duk ɗan siyasar da ya hau mumbari yana kukan lalacewar tarbiyya, alhali 'ya'yansa na karatu a waje, 'ya'yan talakawa na gadin tawagarsa da makami, bai cancanci a saurare shi ba.

Ita kuwa ƙwaya, iyaye da yawa ba su san kamanninta ba sai abu ya yi nisa. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hanin bai kashe kasuwar ba, tsada ya ƙara mata. Yaro ba ya farawa da babba. Sigari ne, sai sholisho a tsumma, sai wiwi, sai ƙwayoyi irin su tiramol da diyazefam da ekzol. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda ke yawo a tasha da gareji kuwa har 225 ake samu. Da yawa ba don maye suka fara ba. Ɗan dako ne ko ɗan acaɓa ko mai aikin ƙwadago a gona aka ce masa ya sha ya kashe gajiya, bayan 'yan makonni jiki ya ƙi aiki sai da ita.

Alamun suna cikin gida in an lura. Yaro ya koma barci har azahar, dare kuma ido biyu. Abinci ya ragu, ko ya riƙa ci kamar an aiko shi. Magana kaɗan sai tsaki da harara. Ƙananan kaya su fara ɓacewa: caja, dutsen guga, atamfar uwa da ke ƙasan akwati, kwanon masara daga buhu. Mai shan kodin za ka gan shi yana gyangyaɗi a zaune yana sosa jiki. In saurayin da bai taɓa farfaɗiya ba ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, kafin a ce iska ce a tuna cewa tiramol mai yawa na jawo haka, a garzaya asibiti a gaya wa likita gaskiya. Kuma wanda ya daɗe a kan diyazefam ba a kulle shi a ɗaki a ce ya daina yau yau, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga mai haɗari. Likitocin ƙwaƙwalwa ke rage masa a hankali. 'Yan mata ma suna ciki, nasu a robar lemo ake juyewa, a gidan biki ko ɗakin ƙawa, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Mai kemis na unguwa kuma lasisinsa bai ba shi damar sayar da waɗannan ƙwayoyi ba. Duk layin da ya san wane ne ke sayarwa ya yi shiru, da hannunsa a ciki.

Akwai wata al'ada tamu da nake ganin ta juye ta zama matsala, ko da yake mutane ba sa son a taɓa ta. Kunya tsakanin uba da ɗa, musamman ɗan fari, abu ne mai ƙarfi a Gombe, a gidajen Fulani da na Hausawa duka. Uba ba ya kiran sunan ɗan, ba ya zama hira da shi, wata uwar ma ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Wannan ya yi aiki a da saboda akwai masu yin maganar a madadinsu. Kawu ne ke jan yaro gefe ya yi masa zancen balaga, kaka ce ke tsokanarsa da wasa har ta ji abin da ke cikinsa, goggo ce ke zama da yarinya. Yau uba ya riƙe kunyarsa yadda ya gada, amma kawun na Abuja, kakar na ƙauye, goggon sai ranar suna. Yaro ya tashi babu babba ko ɗaya da ya taɓa zama da shi minti goma a kan mata ko ƙwaya ko abokai. Wayarsa ce ke yi masa bayani, da 'yan majalisa. Uban da ba zai iya ba, to ya zaɓi mutum guda takamaimai cikin dangi ko aminai ya ce na ba ka wane, a kuma san cewa suna haɗuwa a kai a kai. Haka rufin asiri: ana ɓoye shaye-shayen yaro shekara biyu don kada a ji a dangi ko a fasa auren yayarsa, sai ranar da ya ɗaga wa uwarsa hannu sannan a nemi taimako.

Yawan saki ma na zuba nasa. Yaron da uwarsa ta fita, yana tsakanin matar uba da gidan kaka, kowane gida na zaton yana ɗayan. Haka yarinyar da ake ɗora wa talla har bayan isha'i a bakin tasha, a ce kada ta dawo da saura.

To wa zai haɗa kan layi? Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka zare yawancin iko daga hannun sarakuna, kundin tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani aiki a rubuce ba. Duk da haka, har gobe babu wanda ya san unguwa kamar mai unguwa da limamin masallacin khamsu salawat. Ba sai an jira gwamnati ba. Magidanta 20 ko 30 na layi ɗaya za su iya zama da su biyun bayan sallar isha'i su yi magana a fili, kowa ya furta da bakinsa cewa ya yarda a tsawata wa ɗansa. A fayyace iyaka: babu duka, wanda ya ga abu ya kamo hannun yaron ya kai wa uban, in uban ya ƙi ji a kai wa mai unguwa. A sa lokaci, misali ƙarfe 10, wanda bayan sa ba a son ganin ɗan ƙasa da shekara 16 a gidan kallon ƙwallo ko shagon caca. A ƙirga kangwayen layin a nemi masu su, su toshe ko su sa mai gadi. Inda irin wannan zama ke rushewa wuri ɗaya ne: ranar da aka kama ɗan mai kuɗin layin ko ɗan liman. In aka sassauta a ranar, an gama. Kuma a sa mata a ciki ta hanyar islamiyyarsu, domin su ke gida, su ke fara gani, su ne kuma ke fara ɓoyewa.

Shekarun da aka fi asarar yara su ne 11 zuwa 15, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne dogon hutun bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, da zaman jiran sakamako bayan an gama aji shida. Watanni ne yaro ba ya da inda za shi. A nan sana'a ke shigowa, amma kai yaro gareji ko wurin walda ko gyaran waya ba shi ne ƙarshen aikin ba, domin wasu garejin a can ake koyon ƙwayar. Uba ya je da ƙafarsa ya ga ogan, ya tambayi maƙwabtan shagon halinsa, ya dubi sauran yaran da ke wurin da idanunsu. A yi magana a kan lokacin zuwa da na tashi, a karɓi lambar ogan, a riƙa biyawa ko sau ɗaya a mako ba tare da an faɗa ba. Kuɗin sallamar da ake ba yaron kullum a san nawa ne, wani kaso ya riƙa zuwa hannun uwa ko adashi. In sallamarsa naira 500 ce ya shigo gida da wayar dubu 80, a ranar za a tambaye shi, kuma in ya ce wani ne ya sayar masa ko ya ba shi, uba ya sa takalmi su tafi tare wurin mutumin.