Kowa na cin waken Zango, amma wa ya san gangarmu a Ankara?

In watan Agusta ya kama, Ankara ba ta barci. Ankara tamu ta Gana nake nufi fa, wadda ake rubutawa Accra, don na san 'yan uwanmu na Kano da Maraɗi in sun ji sunan sai hankalinsu ya tafi Turkiyya. A watan nan ne mutanen Ga, masu garin na asali, suke cikin hidimar bikinsu na gargajiya, Homowo, kuma a watan ne samari masu zane-zane suke cika titi da bikin Chale Wote, gari ya kacame, baƙi daga Amurka da Ingila su cika otel-otel, masu tasi su ninka kuɗi ba kunya ba tsoron Allah. Mu kuma 'yan Zango muna nan a wurin, sosai ma, amma ka duba da kyau ka ga a ina muke tsaye. Muna bayan tukunya da bayan tukuba.

Wata shekara, tun ana yin Chale Wote ɗin a Jamestown, unguwar masunta ta bakin teku, na ɗauki ɗan yayata muka hau motar haya, trotro, daga unguwar Nima muka je kallo. Yaron lokacin bai fi shekara 10 ba. Mun bi babban titin nan da ya wuce ta gaban Ussher Fort har zuwa James Fort da doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, ko'ina mutane, wani ya shafe jikinsa da farar ƙasa, wani ya ɗinka riga da ledar fiya wata, wasu yara na tsalle-tsalle a kan keke, ga bango an zane shi da fenti tun daga ƙasa har sama, ga iskar teku na kaɗo warin kifi da hayaƙin banda. Da yunwa ta kama mu sai muka nufi wata Hajiya da ta kafa tebur da ƙatuwar roba ta wake da shinkafa, layi a gabanta har da Turawa riƙe da ganye suna jira. Na gaishe ta da Hausa, ta ɗago ta ce "a'a, ɗana, kai ma ka zo kallon ikon Allah?" ta ƙara wa yaron ƙwai kyauta. Muna ci yaron nan ya dube ni ya ce "Kawu, mu namu yaushe ne?" Na ce masa ai muna da Sallah. Ya ce "Sallah ai salla ce, ina nufin irin wannan da kowa ke zuwa." Wallahi loma ta tsaya mini a wuya.

Tambayar nan ce ta sa ni wannan rubutun, don har yau ban samu amsar da zan ba shi ba.

Ka ga dai cikin Ankara, wato abincinta, kusan a hannunmu yake. Abin da duk ƙasar ke kira waakye ba komai ba ne illa wake, kalmarmu ce aka murɗa. Kokon safe sunansa ma Hausa koko, koose ƙosai ne, tuo zaafi tuwon zafi ne, ga fura, ga tsiren da ake kira cicinga. Minista da ɗan dako duk sun san hanyar mai wake. Amma ka tari wani ɗan Osu ko ɗan Dansoman ka tambaye shi mene ne kalangu, ko algaita, ko ya taɓa ganin an busa kakaki a gaban sarkin Zango, sai ya tsaya yana kallonka. Bikin da yawancin mutanen gari suka sani namu shi ne ranar Sallah an tare hanya a Nima, samari na gudu da babura, a yi haɗari, gobe a buga a jarida.

Mu kuwa ba jiya muka zo ba. Tun kafin Turawan Ingila su dawo da hedkwatarsu daga Cape Coast zuwa Ankara a 1877 akwai Hausawa a bakin tekun nan, wasu fatake masu neman goro, wasu kuma sojojin da aka ɗebo daga Legas don yaƙin Asante. Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa ya haura shekara 100. Nima ta fara cika tun shekarun 1930. Unguwannin nan sun fitar da mutane, ƙungiyar mawaƙan VIP daga Nima take, Mohammed Kudus da duniya ke kallo yana taka leda a Ingila ɗan Nima ne, Moh Awudu mai zanen bango wanda ake gayyata ƙasashen waje shi ma nan ya tashi, kuma akwai ƙungiyar matasa masu zane da suka sa wa kansu suna Nima Muhinmanchi Art, da kalmar Hausa tsaf a tsakiya. Toh basira dai akwai ta. Abin da babu shi ne rana guda da gari ya sani, da wuri guda da za a ce kowa ya zo.

Mu kalli yadda mutanen Ga suke yi, don akwai darasi. Homowo ma'anarsa yi wa yunwa ature, tunawa da wata yunwa da kakanninsu suka sha sannan Allah ya kawo damina mai albarka. Hidimar tana farawa tun wajen watan Mayu da shuka, sai a sa dokar hana kiɗa da hayaniya na wata guda cur, kuma dokar nan ba ta bar kowa ba, coci da masallaci duk ana cewa a mayar da lasifika ciki. A ƙarshen shekarun 1990 har arangama an yi da wasu coci-coci a kan wannan doka. Bayan nan kowane gari da ranarsa, Ga Mashie da Osu da La da Teshie da Nungua da Tema, ana bi ɗaya bayan ɗaya, a yi bikin tagwaye, a dafa kpokpoi, wato garin masara da aka turara aka murza da manja, a ci da miyar kwakwar manja da kifi. Masuntansu ko a ranakun da ba biki ba su shiga teku ranar Talata. Abin da nake so a lura da shi, mutanen nan yau su ne marasa rinjaye a garin kakanninsu, baƙi sun fi su yawa nesa ba kusa ba, filayensu sun tafi, unguwanninsu irin su Bukom da Chorkor talaucin da ke ciki bai fi na Nima sauƙi ba, amma da yake sun riƙe kalandarsu gam, gwamnati da kamfanonin waya da 'yan jarida dole su bi su.

Chale Wote kuma ba gadon kakanni ba ne ma. A 2011 wasu matasa 'yan ƙalilan na Accra dot Alt suka fara shi a titin Jamestown, sunan kansa zancen titi ne, "aboki mu tafi", kuma haka ake kiran silifa. Ba sarki ba minista. Cikin 'yan shekaru ya zama abin da ake sayen tikitin jirgi a zo gani.

Mu me ya hana mu? Na san amsar farko da za a ba ni, addini. Za a ce Homowo akwai zuba giya a ƙasa da yayyafa wa kakanni abinci, Chale Wote kuma akwai shigar banza da cakuɗuwar maza da mata. Gaskiya ne, kuma ni ban ce wani Musulmi ya je ya karɓi ƙwarya ya yi tsafi ba. Amma ai wannan hujja ce ta mu yi namu, inda mu za mu shata iyaka, ba hujjar naɗe hannu ba ce. Sannan maƙwabtaka ai addini ne. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a 2019 da ya cika shekara 100 da ƙafarsa ya shiga cocin Christ the King ya zauna a gaisa, wasu suka yi ta surutu, bai rage masa komai ba, sai ma daraja da Musulmin Gana suka ƙara a idon duniya. In dattijo irin wannan bai ji tsoron maƙwabci ba, ni ban ga abin da zai hana matashin Zango kai zanensa ko ɗinkinsa inda jama'a suka taru ba.

Amsa ta biyu ita ce talauci, a ce mutane na fama da haya da kuɗin makaranta da ƙatuwar kwatar Nima da ke cika in an yi ruwa, kai kana zancen ganga. Wannan ta fi ta farko nauyi a wurina. Sai dai ku tambayi Hajiyar nan mai wake nawa take samu a kwana biyun biki. Tela mai ɗinkin babbar riga, mai aikin hula, mai lalle, baduku, mai ɗaukan hoto, yaron da ke haɗa kanofi da kujeru, duk sana'o'inmu ne, kuma kasuwarsu a yanzu sau biyu take ci a shekara, ƙaramar Sallah da babba, sai ɗan biki da suna.

Laifin da ba ma son a faɗa shi ne namu na cikin gida. Mun raina makaɗa. Muna so a zo a kaɗa mana a wasa kakanninmu ranar aure, mu yi liƙi a ɗauke mu bidiyo, amma in ɗan makaɗin ya zo neman 'yarmu sai a ce maroƙi ne. Wane yaro ne zai gaji sana'ar da ake ƙyamar mai ita? Na biyu kuma zaman 'yan marina muke, kowa da inda ya sa gaba. Zango ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Zabarmawa da Kotokoli da Mosi da Dagomba da Fulani da Wangara da Yarbawa, kowa da sarkinsa, Hausa ce kawai ta haɗa bakinmu, har wannan Hausar tamu da 'yan Najeriya ke mana dariya wai ba ta san mace ba. Wannan tarin ƙabilun shi ne ya kamata ya zama abin nunawa, Dagomba su fito da Damba, Zabarmawa da nasu kiɗan, Fulani da nasu, Hausawa da dawaki da 'yan dambe, amma da an kira mitin sai a shafe awa uku a kan wane sarki ne zai zauna a tsakiya, a watse ba a tsayar da komai ba.

Na uku kuwa, wanda ya fi ba ni haushi, mun saba jiran ɗan siyasa. Duk taron al'ada da za a yi a Zango sai ka ga shekarar zaɓe ce, kanofi da launin jam'iyya, a ajiye makaɗa a rana tun 10 na safe ana jiran babban baƙo, ya iso bayan la'asar, ya yi jawabi, a ba su minti biyar su kaɗa a ce lokaci ya ƙure. A 2017 an kafa ma'aikata sukutum ta raya Zango da asusunta, an yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wasu unguwanni, a 2021 aka rushe ma'aikatar. Bikin da ya rataya a wuyan gwamnati ranar da gwamnatin ta tafi shi ma ya tafi.

Wani zai ce ai akwai Salafest da ake yi a Nima bayan Sallah, kuma haka ne, ina yaba wa waɗanda suka fara shi don sun nuna cewa titin Nima na iya ɗaukan dubban mutane. Amma shi casu ne na dare da manyan lasifikoki, dattijo ba zai kai iyalinsa ba, kuma mai goge ko mai kalangu ba shi da wuri a kan dandamalin. Abin da nake hange daban ne, wuni biyu da rana tsaka, a sa shi a wani lokaci tsayayye da ba ya canzawa, ko mako guda bayan babbar Sallah, a faro daga wajen babban masallacin ƙasa na Kanda da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, a gangaro Nima da Mamobi. A gayyaci 'yan damben Bukom, unguwar da ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey, su zo su ga irin namu damben na hannu ɗaya a naɗe, a gayyaci sarakunan Ga da girmamawa tunda a ƙasarsu muke, zo mu ci tuwo ai ya fi tuwon daɗi. Hawan Sallar Kano UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2024, a shekarar da ta sa saƙar kente ta Gana, mu da muke da hannu a gidajen biyu bai kamata a ce ba mu da abin nunawa ba.

Sai dai in za a yi, a yi hattara da ramin da na gani a Jamestown. Baƙi na zuwa da manyan kyamarori su ɗauki hoton yaran masunta ba riga da tsofaffin gidajen da suka tsattsage, su sa a Instagram a sha yabo, ranar Litinin unguwa ta koma yadda take. A 2020 an rushe rumfuna da matsugunan mutane a bakin ruwan don gina tashar masunta, a 2023 kuma bikin kansa ya tattara ya koma wajen Osu da dandalin Black Star, masu sayar da abinci na unguwar suka bi shi da kallo. Ba na so a mayar da lungunan Nima wurin yawon kallon talauci. Kwamitin ya zama na 'yan unguwa, teburan sayarwa a fara ba matan unguwa, kuɗin da aka samu a karanta shi a bainar jama'a.

A layinmu akwai wani tsoho da ya yi wa sarakunan Zango kiɗa tun ina yaro, in ya matse kalangu a hammata sai ka rantse magana yake. Kwanakin baya na same shi a kan benci bayan magariba, na durƙusa na gaishe shi, na ce "Baba, kwana biyu ba ma jin kalangun." Ya yi dariya ya ce "ɗana, fatar ta yage tun azumin bara, mai gyaran ya rasu, wanda ya rage sai an aika Kumasi." Na ce yaran fa, ba wanda ya koya? Ya nuna mini ƙaramin ɗansa da ke can gefe da kwamfuta a cinya da abin ji a kunne, yana haɗa kiɗan da zai saka a wani biki a unguwar Madina ta nan Ankara ranar Asabar. Ya ce "ga shi nan, shi ma makaɗi ne, sai dai shi ba a ce masa maroƙi." Na tambayi kuɗin fatar da na mota zuwa Kumasi, ya faɗa, na ce in sha Allah ƙarshen wata, ga shi yau wata na biyu ke nan ina bi ta bayan layi.