Ranar da za a yaye lulluɓi

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

A shekarar 2020 masana taurari na Jami'ar Warwick da ke Ingila suka ba da labarin wata duniya mai kewaye wani tauraro can nesa, TOI-849b, wadda na'urar hangen nesa ta TESS, mallakar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta hango. Sai haske ya yi tafiyar shekara kusan 730 kafin ya iso mu daga can. Nauyinta ya kusa ninka na duniyarmu sau 40, kuma duk mai irin wannan nauyi an saba ganinta lulluɓe da iska mai kauri, kamar Mushtari (Jupiter). Ita kuwa kusan tsirara take. Ta matsa kusa da tauraronta har tana kewaye shi cikin awa 18, zafinta kusan digiri 1,500 a ma'aunin Celsius. Masanan suna ganin ko jan tauraron ko karo da wata duniya ne ya yaye mata lulluɓin, ko kuma tun farko ba ta tara shi ba. Cikinta ne ya rage a fili, dunƙule mai nauyin dutse da ƙarfe.

Mushtari kuwa, a 2016 kumbon Juno ya fara kewaye ta, amma cikinta sai dai a ƙiyasta daga ƙarfin janta. Iska ta rufa mata asiri.

Mu ma yau a rufe muke. Babbar riga, muƙami, sahun gaba ranar Juma'a a masallacin Sultan Bello da ke nan Kaduna, sunan Alhaji da Hajiya. Ba na cewa labarin TOI-849b tafsirin aya ne, Allah Ya tsare ni da faɗin abin da ban da ilimi a kai. Amma Ubangiji Ya yi rantsuwa da tauraro a Suratuɗ Ɗariƙ, sannan Ya ambaci ranar da za a tone asirai, mutum ba shi da ƙarfi, ba shi da mataimaki.

Mun ga ɗan samfuri a garin nan. Da masaƙun Kakuri suka rufe, albashi ya tsaya, masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. A nan aka san wanda haƙurinsa da amanarsa na gaske ne.

Manzon Allah (SAW) ya ce Allah ba Ya duban surorinmu da dukiyoyinmu, zukatanmu da ayyukanmu Yake dubawa. To ɗan uwa, kuɗin lebura da ka riƙe, da gadon marayun da ke hannunka, da awon da kake tauyewa a Kasuwar Barci, ka mayar wa masu su tun kana numfashi.

Allah Ka gyara mana ɓoyenmu. Amin.