Je ki roƙe ta gafara tun tana ji

Jiya na je gaisuwar mutuwa a unguwarmu. Abokiyar zaman mamaciyar na zaune kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, carbi a hannu amma ba ta ja, sai hawaye. Abu ɗaya take ta maimaitawa: shekara huɗu suna gida ɗaya, ko "ina kwana" ba ta haɗa su. Mata na ta ba ta haƙuri. Ni kuwa jikina ya mutu murus, don akwai facalata da muke gaba shekara biyu ke nan, kuma ni na fara gaya mata maganar da ba ta dace ba, a gaban mutane.

Da dare barci ya ƙi zuwa, sai labarin wata mata a fadar Faransa ya faɗo mini. Sunanta Louise de La Vallière. Tana yarinya 'yar shekara 17, a 1661, Sarki Louis na 14 ya ɗauke ta farka, alhali matarsa ta aure, Sarauniya Marie-Thérèse 'yar sarkin Sifaniya, tana cikin fadar tana gani. Louise ta haifa masa 'ya'ya, aka ba ta sarauta da dukiya. Sarauniyar nan, mai yawan ibada a addininsu, ta haɗiye baƙin cikin shekara da shekaru.

A 1674 Louise ta yanke shawarar barin fada ta shiga gidan ibadar mata na Kiristoci a Paris. Kafin ta tafi, ta je ta durƙusa gaban sarauniya, kan idon mutanen fada, ta roƙe ta gafara. A bainar jama'a ta ci mata fuska, a bainar jama'a ta zubar da girman kanta. Shekara ta zagayo, ranar da za ta ɗauki alkawarin zama a gidan har abada, sarauniyar da kanta ta miƙa mata baƙin lulluɓin da suke sawa. A can ta zauna shekara 36, har ta mutu a 1710.

Ba cewa nake mu kulle kanmu a wani gida ba, addininmu bai koya mana haka ba. Durƙuson nan ne ya tsaya mini a rai. 'Yar'uwa, ke da kike tashi tsakar dare kina nafila, kina azumin Litinin da Alhamis, me ya sa "ki yafe mini" ta fi ƙarfin bakinki? Kin ɓata sunan kishiyarki wurin dangin miji. Kin ci kuɗin adashin maƙwabciyarki, kika koma kina kauce mata a hanya. Kin tura hoton wata a WhatsApp kuna dariya. Sai azumi ya ƙarato ki rubuta "duk wanda na ɓata wa ya yafe mini" a Facebook, ki ce kin fita. Haba! Ita wadda kika cuta ɗin ba ki san ƙofar gidanta ba ne?

Wallahi da kaina nake, kafin ke. Yau da safe na kira facalata, hannuna na rawa. Ba ta ɗauka ba. Bayan la'asar zan sa hijabi in tafi gidan da ƙafata, ko za ta bar ni tsaye a zaure.

Don Allah ki tashi ki je. Kada ki aika yaro, kada ki jira Sallah. Ki je tun tana iya amsa miki.