Zuwa Ga Sarkin Masana Jack Bauer Na Majalisarmu

Wanda bai kalli 24 ba, shirin talabijin ɗin nan na Amurka a kan jami'in yaƙi da ta'addanci Jack Bauer, kuma yana da niyyar kalla, ya tsaya a nan ya wuce abinsa, don zan fasa ƙwai. Ni ina gargaɗin mutum kafin in ɓata masa kallo. Ba kamar wasu ba.

Ban kira sunan kowa ba, ba kuma zan kira ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Don haka kada wani ya biyo ni ta waya da daddare yana cewa, "Malam, wai da ni kake?" In ka ji gabanka ya faɗi, to ka tambayi gaban naka.

Akwai wani bawan Allah a garin nan na Kaduna da ya naɗa wa kansa rawanin sarkin masana fina-finan leƙen asiri. Duk majalisar da aka ɗauko zancen Jack Bauer, daga Tudun Wada har Unguwar Sarki, muryarsa ce a sama. Sai ya tura hula gaba, ya karkace a kan benci, ya ce ai shi ya haddace shirin nan tun daga farko har ƙarshe. To madalla, ranka ya daɗe. Mu dai mun san lokacin da muka kalla. Zamanin faifan DVD ne, irin wanda ake cusa zango guda cur a faifai ɗaya, hoton duk ya dushe, rubutun ƙasa yana gaba magana tana baya. A yi karo-karo a sayo mai, a tayar da ɗan janareto, a yi alkawari kashi biyu kawai za a kalla kowa ya tafi gida. Ba a ankara ba sai a ji kiran assalatu. A lokacin ban taɓa ganin ƙeyarka a ɗakin ba.

Shirin nan an fara shi a tashar Fox ta Amurka a watan Nuwamban 2001, aka yi zango takwas zuwa 2010. Kowane zango kashi 24, kowane kashi awa ɗaya ce daga cikin yini guda na rayuwar Jack, agogo yana bugawa a gabanka. Kashi 192 ke nan, sannan a 2014 aka ƙaro 12 da aka yi a Landan. Duka 204, kowanne minti arba'in da 'yan kai. Wanda ya cinye wannan ya zauna, ya ƙona mai, ya sha faɗan iyaye. Ba abu ba ne da ake tsinta a guntayen bidiyon minti uku na TikTok, wanda wani ya yanko ya ɗora masa kiɗa, sannan a zo teburin mai shayi ana ɗaga wa mutane murya.

Kuma jiyau ba ya ɓuya. Ran nan kai ne ka ce tun zango na 1 David Palmer shugaban ƙasa ne. Sanata ne, yallaɓai, ɗan takara, kuma duk abin da ya faru a zangon nan ya faru ne ranar zaɓen fidda gwani na jihar California, inda aka shirya kashe shi. Sai a zango na 2 muka gan shi a kan kujera. Kai ne ka ce Chloe, abokiyar aikinsa gwanar kwamfuta, ita ce ta taimaki Jack ya ceto matarsa da 'yarsa, alhali Chloe ba ta shigo shirin ba sai a zango na 3. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne ranar da ka rantse cewa Sangala, ƙasar Afirkan nan ta cikin shirin, ƙasa ce ta gaske can gefen Kamaru, har kana da aboki direban tirela da ya taɓa kai kaya. Marubuta ne suka ƙirƙire ta. Fim ɗin 24 na 2008 da aka nuna ta a ciki ma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi. Da ka ce wanda ya fito a Kanar Dubaku, wato Hakeem Kae-Kazim, haifaffen Legas ne, da mun tafa maka. Amma ina, abokinka direba ya riga ya kai kaya.

Aka tambaye ka ko ka ga Anil Kapoor a ciki, ka yi dariya ka ce ana so a gwada ka ne, wannan ai na Indiya ne daban. Rabin gaskiya ka tsinto. Eh, an yi na Indiya a 2013, shi ne ma jarumin. Amma kafin nan ya fito a zango na 8 na ainihin shirin, a matsayin Shugaba Omar Hassan. Duk Bahaushen da ya tashi da fim ɗin Indiya, da ya ga fuskar nan da gashin bakin nan sai da ya zabura ya nuna talabijin da yatsa. Abu ne da ba a mantawa, in dai an gani.

Duk wannan da sauƙi. Mutum yana iya mantuwa, shekaru sun ja. Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne satar ra'ayi.

Kowa a majalisa yana da kashin da ya fi so. Wani na mutuwar Edgar, abokin aikin Chloe, ne a zango na 5, lokacin da aka saki iskar guba a ginin CTU, hukumar yaƙi da ta'addanci da Jack yake wa aiki, Chloe tana kallonsa ta gilashi daga ɗakin da aka rufe, ba halin buɗe masa. Wani na Ryan Chappelle ne a zango na 3, da ɗan ta'adda ya tilasta wa shugaban ƙasa a kashe shi kafin ƙarfe bakwai na safe, Jack ya kai ogansa filin jiragen ƙasa, mutumin ya karɓi bindiga ya kasa harbin kansa, dole Jack ya yi da hannunsa. Ni kuwa nawa kowa ya sani, kashi na 15 a zango na 2 ne. An kasa kwance bam ɗin nukiliya, aka yanke a ɗauke shi a ƙaramin jirgi a kai hamadar Mojave ya fashe can, kuma duk wanda ya tuƙa ba zai dawo ba. Jack ya ce shi zai je. Ya kira 'yarsa Kim ta waya suka yi ban kwana. Yana sama sai ga George Mason, shugaban ofishinsu, ya fito daga inda ya ɓuya a cikin jirgin. Mason ɗin nan da muka daɗe muna zagi, mai son kansa, wanda da safiyar ranar ma guduwa yake ƙoƙarin yi daga Los Angeles. Ya ce wa Jack ya ɗauki laima ya dira, ya koma ya gyara tsakaninsa da 'yarsa.

Na faɗi wannan a gabanka, da bakina, ina riƙe da kofin shayi. Kai kana ta danna waya kamar ba ka ji. Bayan 'yan kwanaki sai ga labari ya zo mini daga wata majalisa a Kawo, wai akwai wani masani da ya yi musu sharhin da ya kashe musu jiki a kan George Mason. Har da inda na tsaya na yi shiru, ka kwaikwaya. To ba laifi, ilimi ai na kowa ne. Sai dai wani yaro a can ya yi maka tambaya ɗaya: me ya sa Mason ya yarda ya mutu? Ka ce kishin ƙasa. Aka ce sai me? Ka ce ai soja ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Mason tun da rana ya shaƙi sinadarin nukiliya a wani sito, likitoci sun gaya masa kwanansa ya ƙare, yana tafe yana tari yana ɓoye wa ma'aikatansa. Mutumin da ya san ba zai ga gobe ba ne ya zaɓi inda zai faɗi. Wannan shi ne gishirin kashin gaba ɗaya, kuma shi ne ban faɗa a gabanka ba, don na ɗauka duk wanda ke wurin ya sani.

Ni ba na cikin masu cewa shirin nan ba shi da aibu. Zaman Kim da damisar daji a zango na 2 ɓata lokaci ne. Yadda aka nuna Musulmi a zango na 4 ya sosa mana rai, har ƙungiyoyin Musulmin Amurka suka yi ƙorafi, aka sa Kiefer Sutherland, wanda yake fitowa a matsayin Jack, ya fito a wata sanarwa yana cewa kada a yi wa Musulmin ƙasar kuɗin goro. Azabtar da mutane kuwa da Jack yake yi don ya tatsi bayani, a 2006 sai da wani janar daga West Point, kwalejin hafsoshinsu irin NDA tamu ta nan Kaduna, ya je ya sami masu shirin ya roƙe su su rage, don ɗalibansa sun fara ɗaukar abin da gaske. Irin wannan musun muke so a majalisa, a yi ta ja har shayi ya huce. Amma da an fara sai ka katse da "ai Jack ba ya mutuwa." Mun ji. An gode da wannan babban bincike.

Sai maganar yaron nan ɗan makaranta da ke zuwa saya wa babansa burodi. Ya samo zango na 1 a wurin masu tura fina-finai, yana kashi na shida, idonsa har ƙyalli yake in yana ba da labari. Ya ce shi duk cikin ma'aikatan nan Nina ya fi yarda da ita. Kowa ya yi gum, wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi, don mun san abin da ke jiransa, kuma mun san daɗinsa a ranar da ya gani da idonsa. Kai kaɗai ka buɗe baki: "Ai ita ce munafukar, ita za ta kashe matar Jack a ƙarshe." Yaro ya tsaya da leda a hannu, ya kalle ka, ya juya. Abu ɗaya tak da ka sani daidai a shirin nan, shi ma da shi ka yi ɓarna.

Tunda an zo kan Nina, bari in ɗan daɗe a nan. Abin da ya sa ta yi nasara zango guda cur shi ne ta iya bakinta. Tana zaune kusa da Jack, tana taimakonsa, duk wanda aka zarga tana cikin masu bincikensa. Da aka kama Jamey, ƙaramar 'yar rahoto, Nina ce ta lallaɓa ta gama da ita, ta mai da abin kamar ita ta kashe kanta. Sai a ƙarshen kashi na 23 muka san ko wace ce. Wannan shi ne leƙen asiri. Namu na majalisa kuwa, Allah sarki, ko kwana maganar ba ta yi a cikinsa. A faɗi abu bayan isha'i a Tudun Wada, kafin a buɗe shaguna ya isa Rigasa, ya sami ƙarin gishiri da yaji.

Da abin ya ishe mu sai muka yi irin ta CTU. Muka jira daren da mutum ɗaya kaɗai ya rage cikin waɗanda muke zargi, ɗaya daga cikinmu ya rage murya ya ce zai ƙara aure bayan salla, amma don Allah kada a bari uwargida ta ji. Babu auren, babu yarinyar, ko kuɗin goro babu. Washegari kafin la'asar yayar uwargidan ta bugo daga Barnawa tana tambaya, har da sunan unguwar amarya da sana'ar babanta, waɗanda mu da muka ƙirƙiro labarin ma ba mu sani ba. Abin da ba ka sani ba shi ne uwargidan da ita aka shirya. Tana gaishe ka, ta ce in ka sake samo wani bayani a kan kishiyar tata ka taimaka mata, tana so ta fara haɗa lefe.

Shi ya sa kwanan nan in ka iso ka ga an koma zancen ƙwallo da tsadar fetur. Ba gajiya muka yi da Jack Bauer ba.

Daren Asabar za mu sake zango na 5 daga farko, wanda ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 2006, wanda aka harbe Palmer tun a mintunan farko. Ƙofa a buɗe take, benci akwai wuri. Sharaɗi dai a ajiye waya, a rufe baki, a kalla. Kuma wanda ya ari filashina mai zango na 3 tun kafin azumi, ya ce kwana biyu zai yi, ya taho da ita. Na san ba a buɗe ta ba, don haka ba sai an goge komai ba.