Ba tarin ake gada ba

Labarin nan naku na cewa wasu kan gaji raunin garkuwar jiki ga tarin fuka ya taɓa ni. A gidanmu na Kumo, mu bakwai muke kwana ɗaki ɗaya da baffanmu lokacin da yake tari, gwangwanin da yake tofa majina yana nan bakin ƙofa. Mutum biyu kawai suka kamu, kuma uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tsofaffi suka ce sammu ne.

Sai dai kanun labarin zai rikita mutane, su ɗauka tarin kansa ake gada. Ba tarin ake gada ba, ƙwayar cutar ta iska take shiga. Abin da ake gada shi ne ƙarfin jiki wajen yaƙarta. Cikin waɗanda ta shiga jikinsu, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne ciwon ke kwantarwa, kuma yunwa da ƙanjamau da ciwon suga ma na da nasu hannu a ciki.

Akwai jariran da allurar BCG ta rigakafin tarin fuka kanta ke zame musu ciwo, kaluluwar hammata ta kumbura ta ƙi warkewa, cutar ta bazu. An fi ganinsu inda auren zumunci ya yi yawa, amma ba kasafai ba ne, kada wani ya fake da wannan ya hana ɗansa rigakafi.

Tsorona kar a fara ƙin auren 'yan gidan da aka taɓa tari, kamar yadda ake yi wa dangin kutare. Ƙannen nan nawa biyu da suka kamu wata 6 suka sha magani kyauta, ɗayan yanzu direba ne a hanyar Gombe zuwa Yola.