Wa ya ce shirin ya yi nasara?

'Yan uwa masu aikin raya al'umma, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke auna nasarar shirye-shirye. Shiri ya ƙare, sai a ɗauko ƙwararre daga nesa da takardar tambayoyi da aka riga aka tsara a ofis. Ya zauna da mutane, ya yi ta cike akwatuna, ya koma ya rubuta rahoto da harshen da waɗanda ya tambaya ba sa karantawa. Rahoton ya wuce wurin masu ba da tallafi. Shi ke nan, wai an ji ta bakin masu ruwa da tsaki.

Ba a ji ba. Wanda ya tsara tambaya shi ya yanke abin da za a kira nasara. Idan ka tambayi mace ko an gina famfo, za ta ce an gina. Ba ka ba ta damar cewa tun yaushe ya lalace ba.

Ku duba PlayPump, famfon da aka haɗa da lilon yara mai juyawa domin wasansu ya riƙa jawo ruwa. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi masa alkawarin dala miliyan 16.4. A hoto abin gwanin sha'awa. Amma a ƙauyukan Mozambik an tarar da mata, har da tsofaffi, suna tura lilon da hannu saboda yara ba sa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa. A wasu wuraren an cire famfon hannu aka sa PlayPump ba tare da shawara da mutanen wurin ba, in ya lalace kuma sai ya yi watanni ba gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matan nan su suka fi kowa sanin matsalar.

Hanyoyin jin ta bakin mutane ma akwai su. A shekarun 1990 wani mai bincike, Rick Davies, ya gwada wata a Bangladesh, inda mutane ke ba da labarin canjin da ya fi girma a rayuwarsu, sannan a zauna a yi muhawara kan wanda ya fi muhimmanci da dalilinsa. A 2002 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara katin maki na al'umma a Malawi: marasa lafiya su ba asibiti maki, ma'aikata su ba kansu nasu, a haɗu fuska da fuska a fitar da abin da za a gyara.

Na san yana cin lokaci da kuɗi. Kuma akwai tarko, domin in ka tara kowa wuri ɗaya, mai babbar murya ne zai yi magana, matashiya da mai buƙata ta musamman su yi shiru. Don haka a raba zama, a nemi waɗanda suka fice daga shirin tun da wuri, su ne suka fi kowa sanin inda ya gaza. Kada a bar ma'aikacin da ke fili a baya, shi ma yana tsoron faɗin gaskiya a gaban shugabansa.

Kafin a miƙa rahoto ga mai kuɗi, a koma a karanta wa mutanen da bakinsu, su ce nan daidai ne, nan ba haka muka faɗa ba, kuma a rubuta gyaransu a ciki.