Bilendata mara murfi

Sharar sito kawai na shiga yi don azumi ya ƙarato. A bayan buhun gawayi na tono su: butar lantarki da mazauninta ya ɓace tun muna gidan haya na Hotoro, tukunyar dafa shinkafa wadda 'yar tukunyar cikinta ta daɗe da zama kwanon ruwan kaji, sai bilenda. Ita lafiyarta ƙalau. Injin na ruri kamar jirgi zai tashi, wuƙar na ci, murfi ne kawai babu.

Maigidan ya ce a kira ɗan gwangwan. Yaron ya zo da sikelinsa, ya ɗaga ta ya jijjiga, ya ce shi roba ba ta gabansa, jan ƙarfen da ke naɗe cikin injin yake so, in ya kai Ƙofar Ruwa ma fasa ta za a yi. Ya yi mata kuɗin da ko kashin attaruhu biyu ba zai saya ba. Na ji kamar 'yata aka raina wa sadaki. Na sallama masa buta da tukunya, na rungume abata. Da ma na taɓa zaga Sabon Gari neman murfin, kowane mai shago ya ce sai dai in sayi kofin gaba ɗaya, kuɗinsa kuwa ya kusa kamo na sabuwa.

Ana haka aka ce a Islamiyyarmu za a haɗa wa marainiyar nan kayan kicin. Shaiɗan ya raɗa min cewa ga lada a sauƙaƙe. Ni ba shekara biyu na yi ina ɗora faranti ina dannewa da hannu ba? Na mutu? Na wanke ta tas, na zaro kwalinta daga saman sif, na goge, na liƙe da salatif har zagaye uku.

Ni a zatona ajiyewa za a yi a kusurwa kowa ta kama gabanta. Ashe Malama ta ce komai sai an buɗe an rubuta a littafi, a gaban kowa.

Aka buɗe na masu kula, na masu samira, na mai dozin ɗin cokali. Da aka ɗago nawa aka ga hoton bilenda a jiki, wata ta rangaɗa guɗa. "Wa ya kawo wannan?" Na sunkuyar da kai irin na masu gudun riya, amma na ɗan ɗaga yatsa yadda za a gani. Aka shiga sa min albarka. Wallahi har na fara jin daɗi, wannan ne ya fi ci min rai.

Yarinyar da ke rubutu ta sa reza ta yanka salatif. Ta fito da inji. Ta fito da kofi. Ta mayar da hannu cikin kwali, ta lalube dama, ta lalube hagu. Ta leƙa. Ta kifa kwalin ta girgiza, ɗakin ya yi tsit, ina jin ƙarar fanka. Sai wani abu ya faɗo. Na ce a raina ko Allah ya yi min gyaɗar dogo. Kati ne. Ita kuma da yake ba a koya mata karatun zuci ba, ta ɗaga murya: "Allah ya ba ku zaman lafiya, daga yayarku, 2016."

Yaya Babba tana sahun gaba. Kun san ta, ba sai na ce komai ba. Ko juyowa ba ta yi ba, ta gyara zaman hijabi ta ce, "Ikon Allah. Ni dai da murfinta na saya."

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ya buɗe da kansa: "Ai Yaya faranti ake ɗorawa, tana yi sosai."

"To ina farantin?"

Malama, baiwar Allah, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta kalli rufin ɗaki ta janyo aya ta 267 a Baƙara, inda aka hana mutum ya zaɓi mummunan abu ya bayar, wanda shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Ita rufi take kallo, sauran mata talatin ni suke kallo.

Duk wannan na haɗiye. Wadda ba zan yafe wa ba ita ce maƙwabciyata ta bayan layi, da ta yi dariya har tana dukan cinyar ta kusa da ita. Matar da ta ari turmina da taɓarya lokacin sunan autarta, ta aiko min da turmi shi kaɗai! Yaron yanzu yana aji biyu. Duk sanda na aika sai a ce taɓarya tana maƙwabta, kamar wata mai yawon barka. Kullum da yamma ina jiyo dakanta ta katanga, kuma na san muryar taɓaryata. Ita ce har da ce min a bakin ƙofa, "Maman yara, in ba kya so ki ba ni mana." In ba ta, ta haɗa da taɓarya ta buɗe shago. Ni yanzu ma na fara tunanin ranar da murfin ya ɓace ta shigo aron rariya.

Ƙarƙashin hijabi na ɓoyo kwalin har cikin adaidaita. Washegari na sayi saitin kula na aika, na buɗe kowacce na ƙirga murafen a gaban mai shago har ya tambaye ni ko lafiya.

Bilendar tana sito, bayan buhun gawayi. Shekaranjiya ɗan gwangwan ya wuce, na kira shi, ya ce ƙarfe ya sauka, ya rage naira ɗari. Na ce ya bari sai bayan salla.